Sunan 'Yata da Kwanukan Aro

Ɗakina shi ne na ƙarshe a gidan hayar da muke zaune a Rigasa, can gangare, inda rariyar gidan ta bi ta fita waje. Duk ruwan da aka zubar a gidan nan, na wanki ne ko na alwala, sai ya gaida ƙofata kafin ya san hanyar kwata. Shi ya sa na fi kowa sanin abin da mutanen gidan ke yarwa. In maƙwabciya ta sayi awara zan ga ledarta. In yaran ɗakin farko sun sha alawa, takardar a wurina take kwana.

Wata damina matar ɗakin tsakiya ta yi suna. Aka raba shinkafa a fararen robobin nan na ci-ka-yar, aka sha fiya wata son rai. Da yamma aka yi shara sama-sama, abin da tsintsiya ta kasa kwashewa aka tura shi rariya. Washegari da hantsi hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Ledoji suka toshe bakin rariyar, ruwa ya rasa hanya, ya dawo ya haura dokin ƙofata. Lokacin ɗana yana rarrafe. Na fita kwashe shanya, na dawo na same shi zaune daram cikin baƙin ruwa yana tsotsar wata leda. Amai da gudawar da ya yi, sai da aka kwantar da mu asibiti. Har yau in na ji tsawa, kafin in ce Allahumma sai na kalli ƙasa na ga ina yaro yake.

Tun daga nan na sauya. In zan sayi koko da kwanona nake zuwa, mai gyada ma a gefen zani nake karɓa. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, ƙanzon tukunya in shanya shi a kan kwanon ɗaki. Matan gidan suka sa mini suna Hajiya Ba-na-son-leda. Su yi ta faɗa. Ba su suka zauna a bencin asibiti ba.

To sai ga shi na haifi 'yata, ita ma tsakiyar damina.

Maigidana tuƙin a-daidaita-sahu yake yi, kuma yayarsa ce ta riƙe shi tun yana ƙarami. Ma'aikaciya ce, ofishinsu na wajen Doka, kowa Anti yake ce mata. Mace ce mai kyauta, wannan ba zan ci haƙƙinta ba, ragon sunan ma da hannunta a ciki. Amma in ta faɗi magana ta zauna. Ta zo barka, ta ɗauki jaririya ta yi mata addu'a, sannan ta juyo.

"Matarmu, zancen abinci kada ya dame ki. Na sa a kawo robobi daga Babbar Kasuwa, da fiya wata. Kowa ya ɗauki nasa ya kama gabansa, ba wanki ba wahala."

Na ce, "Anti, Allah ya saka da alheri. Amma da za a bar robobin nan, da na fi so."

"A bar su? A me za a ci, a tafin hannu?"

"A kwano, Anti."

Ta yi dariya har tana riƙe gyale. "Ke yarinya, jego ya taɓa miki kai ne? Abokan aikina za su zo fa. Kina so a ce gidan ƙanena ƙauye ne?"

Na ba ta labarin rariya, duk da ta san shi. Ta ce wannan ƙaddara ce, kuma ai sai a sa masu shara su kwashe. Na san sharar bayan biki, kowa ya gaji, kowa yana neman takalminsa.

Da maigida ya dawo na faɗa masa. Ya zauna bakin gado yana murza hula. Ya ce, "Don Allah ki rufa mini asiri. Ni ban taɓa ce mata a'a ba." Na ce ai ban ce ka faɗa mata ba, ni zan faɗa. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

Gwaggona ce ta zo daga Katsina take yi mini wankan jego. Ita kaɗai ta ji maganar ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Yo da can da mi muka yi biki? Aro ake yi, ɗiyata." Mai jego ba ta fita, don haka ita ta yafa mayafi ta bi gida-gida a layinmu. Ta dawo da kwanukan langa, da farantan tangaran, da manyan tire, da kofunan silba, wasu tun na auren iyayen masu su. Kowane kwano ta ɗiga masa jan farce a gindi, ɗigon gidan nan daban, na wancan daban, don kada a rikice wajen mayarwa. Muka tafasa ruwa muka zuba a randuna da kuloli, aka dafa zoɓo.

Robobin Anti kuwa sun iso, maigida da kansa ya ɗauko su. Na ce ya jingine su a zaure yadda suke a ɗaure.

Ranar suna gida ya cika. Mata suka zazzauna a tabarmi, kowane tire da masu kewaye shi, ana ci ana surutu. Ina ɗaki cikin sabuwar atamfa, amma kunnena yana tsakar gida. Bayan azahar na ji ƙamshin turaren Anti kafin in ji muryarta. Ta shigo da ƙawayenta, masu jaka da tabarau. Ta tsaya. Ta dubi tire, ta dubi kofunan silba suna yawo hannu zuwa hannu.

"Ina kayan da na aiko? Kai yara, ku shigo da su nan!"

Sai na miƙe tsaye, wallahi. Ni da ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Na saɓa jaririya a kafaɗa na fito bakin ƙofa.

"Anti, sannu da zuwa. Kayan nan ba za a kwance su a gidan nan ba."

Matan tsakar gida duk suka juyo, har cokali aka ajiye.

"Da ni kike?"

"Da ke nake, Anti, ki yi haƙuri. Kowa a nan in ya ci zai tafi gidansa. Ni da yarinyar nan a bakin rariya za mu kwana."

Wata cikin ƙawayenta ta ce, "Ikon Allah, amaryar taku akwai baki." Gwaggo ta miƙa mata kofin zoɓo ta ce, "Sha ki ji, Hajiya, kofin bai cizo." Wasu suka ƙyalƙyale da dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Anti ba ta yi dariya ba. Ta ajiye turmin atamfar da ta kawo a kan kujera, ta ce a kai mata kayanta mota, ta fita ko ruwa ba ta sha ba. Ƙawayen suka bi ta, ɗaya tana waiwayen tiren waina.

Wanke-wanken ranar ba wasa ba ne, sai da magariba ta same mu a kai. Matar ɗakin tsakiya ma ta naɗe hannun riga ta zauna, tana ƙunƙuni tana cuɗa. Kofi guda ya ɓata, farantin wata tsohuwa ya fashe, sai da Gwaggo ta je ban haƙuri.

Maigida ya yi kwanaki ba ya haɗa ido da ni. Ya ce lallai in na yi arba'in in je in ba Anti haƙuri. Na ce zan je, in durƙusa in gaishe ta, don ta isa. Amma in ce na yi kuskure, wannan kada ya jira.

Ruwan da nake tsoro ya zo cikin makon nan, da la'asar, mai ƙarfi, har kwanon ɗaki yana kuka. Na goya jaririya, na kama hannun yayanta, na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Ruwa ya taru ya cika tsakar gida, ya miƙo wajena, ya zo daf da dokin ƙofa. Ya lanƙwasa ya shige rariya. Ban matsa daga wurin ba sai da aka ɗauke, sannan na shimfiɗa tabarma a ƙasa na kwantar da ita.