Ranar da Jar Ledar Mama Fortunata Ta Sauka

Kafin hayaƙin kowane gida ya tashi a ƙauyenmu na Wayllapata, na Mama Fortunata Sallo ya riga ya kai rabin dutse. Haka muka taso muka gani. Za ta yaye ganyen da ta lulluɓe jiƙaƙƙiyar masara da shi, ta tsinki tsiro guda ta tauna, ta ji ko ya yi zaƙi. In ya yi, sai shanya, sai niƙa, sai tafasawa a ƙatuwar tukunyar da ba ta sauka daga murhu sai rana ta karkata. Ta tace da ciyawa, ta bari ya huce, ta juye a tsohuwar randarta. Ranar da giyar masarar ta nuna, sai ta ɗaura jar leda a kan gora ta kafa a ƙofar gida, masu dawowa daga gona su hango daga nesa su ƙara sauri. Fiye da shekara arba'in ke nan tana wannan. A watan jiya ledar ta sauka, kuma ba za ta sake hawa ba.

Duk wanda ya taɓa gwada dafa giyar masara ya san ruwa da tsiro kaɗai ba sa yin komai. Sai da uwa, wato kaurin nan da ke kwanciya a gindin randa, wanda ake ragewa a zuba wa sabuwar dahuwa don ta tashi. Uwar randar Mama Fortunata gadon kakarta ce. Abu ne mai rai, in aka bar ta ba sabon ruwan tsiro sai ta mutu, kuma babu kasuwar da za a je a sayo irinta.

Masu wannan sana'a sun shahara da rowar uwa. Mama Fortunata kuwa rabawa take yi. Ku tambayi Benigna, wadda zaftarewar dutse ta kashe wa miji ta bar ta da 'ya'ya huɗu. Dahuwarta ta farko ta lalace, ta zo tana kuka.

"Mamita, buhun masara guda na zubar."

"Guda kawai? Ni biyu na zubar, kakata ta bi ni da muciya har bakin rafi. Share hawayenki, ɗanɗana wannan. Me kika ji?"

"Zaƙi."

"To, ba ta nuna ba. Gobe ki dawo ki sake ɗanɗanawa, jibi ma haka. Hannu kowa yana da shi, 'yata. Harshe ake koya."

Ta cika mata ƙaramin tulu da uwa, ta kuma tura mata rabin masu shan giyarta, wai ita bencinta ya yi mata kaɗan. Mata da yawa a kwarin nan da irin wannan tulun suka fara.

Ke ce mai randar da ba ta taɓa bushewa ba, Mama Fortunata. Ke ce kike goyon tulu a baya ki hau gangare ranar gayyar dankali, ki shayar da mai gona da ɗan taya aiki da kofi ɗaya. Ke kike dafa ta zuma ga amare, wadda kike cewa ita ba ta son gaggawa. Gidan da aka yi mutuwa kuwa, kafin dangi su gama isowa tulunki yana bayan ƙofa, ba wanda ya aika miki.

Zazzabin daminar bara ne ya yi mana wannan aika-aika. Ta tashi daga ciwon, amma ɗanɗano da jin ƙamshi ba su tashi tare da ita ba. Gishiri da sukari suka zama abu ɗaya a bakinta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta koma duban kumfa, tana kara kunne a jikin randa. Amma ido da kunne ba sa gane lokacin da giya ta wuce gona da iri. Wata rana ta yi salam, wata rana ta yi tsamin da ke kashe haƙora.

Mu a nan ba a kai kofi baki sai an ɗiga wa ƙasa kaɗan, tun da ita ta ba da masarar. Ɗigo ne kawai, ba ya ko jiƙa ƙura. To, tsofaffin da suka tsufa a kan bencinta ba su iya gaya mata gaskiya ba, ba su kuma iya daina zuwa ba. Sai rabon ƙasa ya fara ƙaruwa. In ta juya baya, a tuntsurar da rabin kofi, a goge baki, a yaba.

Wata safiya ta janye bencin za ta yi shara, sai tsintsiya ta kafe. Wata uku rabon da a ga ruwan sama, ko'ina ƙura, amma ƙarƙashin bencin nan taɓo ne har da ƙudaje. Ta daɗe tsaye tana kallonsa. Da yamma ta jira suka zazzauna, ta cika wa babbansu Tayta Eleuterio, wato Baba Eleuterio, kofi, ta tsaya a kansa.

"Tayta, yaushe kuka zama masu ibada haka? Ƙasar nan ta sha har ta bugu."

"Ai rani ne, Mamita, ita ma tana jin ƙishi."

"Shanye ina gani."

Ya ɗaga kofin. Bai kai rabi ba fuskarsa ta yamutse, idanunsa suka kawo ruwa. Ba wanda ya yi dariya.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun bayan zazzabin," ya ce, kansa a ƙasa.

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta fita ta tuge gorar, ta kwance ledar, ta ninke ta sa a aljihun zanenta. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba.

Sana'ar ta bari, amma uwar fa? Ta kira 'yarta da ke aiki a birnin Lima, 'yar ta ce, "Mama, ina zan sa randa a ɗakin haya?" Ta je wurin Benigna, ta tarar da akwatunan giyar kwalba har rufi. Benigna ta riƙe hannunta tana kuka. "Mamita, yaran yanzu ta kwalba suke so. Tawa uwar ta daɗe da mutuwa, kunya ta hana ni gaya miki." Haka ta zagaye duk gidajen da ta taɓa ba wa tulu, ta dawo da nata tulun a cike da uwa, ba wadda ta karɓa.

Don haka har yau tana tashi ta jiƙa masara, ba don sayarwa ba, don kada uwar ta mutu a hannunta. Tayta Eleuterio ya ɗora wa kansa aiki. Kullum yana dogara sandarsa ya zo ya ɗanɗana mata, ya kuma daina ƙarya.

"Yau kam ko jaki ba zai sha ba."

"Madalla. Kai ma ai ka sha."

"Gobe ki rage mata kwana."

Da harshen aro ake tafiya. Mai harshen kuwa ya haura tamanin, jiya ma tari ya hana shi fitowa.

Mun gode, Mama Fortunata. Mun gode da abin da muka sha, da abin da kika koyar ba ki ɓoye ba. Ku kuma 'yan mata da samarin kwarin nan da kuke cewa kuna son ku fara amma ba ku san ta ina ba, ga ta ina: gida na ƙarshe kafin gada, wanda babu jar leda a ƙofarsa. Kada ku kawo masara, tana da ita. Kada ku kawo tulu, ta wanke guda ta kife tana jira. Ku zo da harshenku kawai, tun akwai abin ɗanɗanawa.