Baitin da Na Yanke a Waƙar Baba Jibo

Kafin in lalace, ni mai cajin waya ne a kasuwar Gezawa. Mahaifina manomi ne, ya rasu ina ƙarami, ni kuwa na tashi ina ganin riƙon fartanya faɗuwa ce. Daga caji na koma turin waƙoƙi a waya. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kaina abin da mawaƙan suke samu ba, tunda kowa yana yi.

A ƙauyenmu akwai wani dattijo, Baba Jibo, makaɗin noma. In an yi gayya, wato an taru a taya mutum aikin gona, shi ake kira. Wallahi har yau ban ji murya irin tasa ba. Zai rataya gangarsa yana bin manoma kunya-kunya, yana kiran kowa da sunan ubansa da kakansa, sai ka ga tsohon da ke nishi ɗazu ya wuce samari. Ba ya yanka farashi. Abin da aka ba shi bayan girbi, damin gero ne ko kwanon gyaɗa, ya karɓa ya yi godiya.

Wata damina na je gayyar kawuna, ba don in yi noma ba, don fura. Na ɗauki waƙar Baba Jibo a waya. Ya hango ni ya ce, "Kai ɗan birni, me kake yi da wannan abar?"

Na ce, "Baba, tarihi nake ajiyewa."

Ya ce, "To Allah Ya yi albarka."

Da wannan albarkar na cuce shi. Na yanke duk wuraren da yake jero sunayen mutane, don a ganina sun yi tsawo, na goge su. Sauran na ɗora a manhajar sauraron waƙa da wani suna da na ƙirƙira wa kaina, na yi rajista cewa tawa ce. 'Yan ƙauye da ke zaman birni suka yi ta saurare, kuɗi suka fara shigowa. Na bi shi gayya bayan gayya, har yana sa a matsa mini in tsaya kusa da shi.

Ana nan sai wani gidan rediyo ya ɗauki waƙarsa don shirin manoma. Da suka ɗora a intanet aka sauke, aka ce tana da mai ita, wato sunan nan da na ƙirƙira. Kafin mako ya zagayo magana ta cika ƙauye: ashe Jibo waƙar wani ɗan birni yake sata. Manoma suka daina kiransa. Damina biyu yana zaune a ƙofar gida yana jin gangar wasu daga nesa. Ina wucewa in gaishe shi, ya amsa da fara'a, ni kuwa in wuce abina.

Idona ya riga ya buɗe. Na fara karɓar kuɗin mutane da alƙawarin zan kawo musu mawaƙin nan wajen biki, sai in kashe waya. Wani Alhaji da na ci wa kuɗi ya bi sawuna har rumfata da 'yan sanda. A bincike aka gano muryar wa ce, aka kira Baba Jibo kotu.

Ko a gaban alƙali ban saduda ba. Na ce ni na rubuta waƙoƙin, shi haya na ɗauke shi ya rera. Aka kunna ɗaya. Baba Jibo ya saurara, ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan an tsallake baiti. Tunda shi ya rubuta, ya cika mana."

Baitin yana cikin waɗanda na goge. Sai Baba Jibo ya miƙe, ba ganga ba 'yan amshi, ya rera shi. Kirarin wani manomi ne da ake ce wa Sarkin Sammako, wanda yake gama kunya goma kafin a ɗora koko. Da ya ƙare ya dube ni ya ce, "Ɗana, babanka ke nan. Duk gayyar da na gan ka sai na sa shi, don ka ji."

Ban taɓa sanin ana kiran mahaifina haka ba. Na yi kuka a gaban jama'a, ban ji kunyar kukan ba. Baba Jibo ya roƙi a yi mini sassauci, amma laifin damfara ya kai ni gidan yari shekara biyu.

Da na fito na zarce gidansa. Na tarar ciwo ya cinye masa murya, sai ka sunkuya kake jin abin da yake faɗa. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce, "Abin da ka ci na yafe tun tuni. Amma labarin kotu bai iso ko'ina ba. Je ka gaya wa mutane ni ba ɓarawo ba ne."

Ranar kasuwa na hau benci na faɗa da bakina, na kuma bi ƙauyuka ina maimaitawa. Waƙoƙin yanzu suna kan sunansa, 'yarsa Hajara ke kula da abin da ke shigowa. Manoma suna zuwa gaishe shi da damin gero, wasu suna sunkuyar da kai.

Ku matasa, ku dube ni ku kiyaye. Kafin ka tura waƙa, ko ka ɗora, ko ka saurara, ka tambaya ta wace ce, kuma ko guminsa yana isa gare shi. Ni na mayar wa Baba Jibo da sunansa. Amma damina biyun nan da na zaunar da shi yana da muryarsa, su ne na ƙarshe da zai iya waƙa, kuma ba ni da inda zan samo masa su.