Ƙwayar da ba ta da tukunya

Shekarar da ruwa ya ɗauke mana, muka baro Dogo muka sauka a Kara-Kara, gidan ƙanen babana. Kakata Iya Magaram ta biyo mu daga baya, ta kafa bukka a bayan katanga. Da an yi magariba takan hura kara, ta ɗora tukunyar da ruwa ya fi gari yawa a ciki, ta fara tatsuniya don kada mu sa ido kan murhu.

"Matso, mijin banza," takan ce mini, "ko cefane ba ka yi ba, sai baza kunne. Ga ta nan, ku tare ta."

A tatsuniyar, guguwa ce ta fasa rumbunan gari, ta haɗa irin shuka duka a masussuka ɗaya. Tururuwa suka ɗauki aikin rarrabewa. Sai su ɗaga ƙwaya guda su ce, "'Yar wace ce ke?" In ta ce dawa, a kai ta tukunyar dawa. A cikin tukunyar kuma da ƙoƙuna, kaura daban, farafara daban. In ba a riga an aje mata ƙoƙo ba, a aje sabo. Haka har tulin ya ƙare.

Ni dai tun ina yaro ba na barin abu ya wuce. Na ce, "Iya, wadda ba ta san uwarta ba fa?"

Ta daɗe tana gyara wuta. "Ita aka bari a masussuka. Kaji suka gama da ita. Tashi ka miƙo ludayi."

Sai da na girma na san dalilin wannan amsa tata. Hatsin taimako daga mai gari yake zuwa hannun mai unguwa, daga nan hannun masu gida. Babana ya ɗauka ƙanensa ya rubuta Iya cikin mutanen gidansa, ƙanen ya ɗauka babana ya rubuta. Ba ta faɗa wa kowa ba. Rabonmu take dafawa, ta ce ta riga ta ci.

Bana 'yata Hadiza, wadda ta yi lakwal, wato boko, mai zurfi, take haɗa wa wata ƙungiya shafin intanet na rabon hatsi. An kawo mata sunaye a dogon jeri ɗaya, kowa da garinsa da unguwarsa da mai gidansa a gefe. Ta nuna mini yadda ta umarci ordinater, wato kwamfuta, ya ɗauki suna ɗaya-ɗaya, ya sa shi cikin gida, gida cikin unguwa, unguwa cikin gari.

Ni a firamare na tsaya, amma na gane tururuwan Iya. Sai na tambaye ta:

"Wanda ba a rubuta masa mai gida ba fa?"

"Baba, kai da damuwa! Komai ya hau daidai."

"Duba mini dai, don Allah."

Ta duba tana dariya, sai dariyar ta tsaya. Wata gwauruwa daga Damagaram Takaya tana cikin dogon jerin, amma ba ta fito a kowane gida ba. Rabon kuma jibi ne. Hadiza ta buɗe wuri na musamman a ƙarƙashin kowace unguwa don irinta, ta tambaye ni sunan da za ta sa masa.

Na ce ta rubuta Ƙoƙon Iya. Ta ce mutanen biro, wato ofishin ƙungiyar, ba za su gane ba. Na ce su tambaye ni, shekara da shekaru ina jiran mai tambaya.