Kifin Inna daga Gulbin Bungudu

Mun bar Tsafe ana idar da sallar asuba, ni da mai ɗakina da ƙanena da jakuna biyu. Inna ce dalilin tafiyar. Tun da rani ya kama ta daina cin tuwo, sai ta taɓa ta ture. Ta ce bakinta ba ya son komai sai miyar kifin gulbin Bungudu, inda aka haife ta. Mu kuwa manoma ne, ruwan rijiya kaɗai muka sani.

Mun kwana a gindin duwatsun Kwatarkwashi, washegari muka ratsa Gusau. Hanyar da Nasara suka sa aka share tana da faɗi, amma an sare itatuwan bakinta, ko jaki bai samu inuwa ba. A kasuwa gishiri ya yi tsada. Mun sha wata fura mai tsami wadda ta hana ƙanena magana har la'asar, na gode wa mai furar.

A bakin gulbi, can cikin daji, muka kafa bukkar kara. Sai muka tarar ba a taɓa gurbin da kifi ya taru sai sarkin ruwa ya buɗe. Kwana huɗu muna jira, sauro na cinmu, guzuri na ƙarewa. Ranar da aka buɗe, wani tsohon masunci ya ara mini homa, wato ragar kamun kifi, da goran iyo. Ruwan da na sha ya fi kifin da na kama, amma mu uku mun cika kwando biyu da tarwaɗa.

Tsohon ya haɗa mana wutar banda, ya ce sai kifin ya kwana uku a hayaƙi. Bayan kwana ɗaya na ga fatar ta yi baƙi ƙirin. Na tuna Inna, na ce a ɗaure kaya.

"Malam, bayansa ne ya bushe," in ji tsohon. "Cikinsa ɗanye ne."

"Baba, rana za ta ƙarasa shi a hanya."

"Ƙuda zai ƙarasa shi dai."

Muna wuce Gusau fatake suka fara kauce mana suna toshe hanci. Mai ɗakina ta zazzage kwandunan a gindin wata tsamiya. Tsutsa ta cinye manyan duka. Ta zauna ta tsince 'yan ƙananan da hayaƙi ya ratsa. Ba su cika ƙwarya ba.

Mun shiga gida ƙafafu a kumbure. Aka yi miya, Inna ta cinye tuwonta har ta suɗe akushi. Haka ma washegari. A rana ta uku ta kira ni.

"Ina sauran?"

Na sunkuyar da kai.

Abin da na koyo ke nan: na jira sarkin ruwa kwana huɗu don ba ni da yadda zan yi, amma kwana biyun da ke hannuna na kasa jira. Gurbin kuma sai baɗi za a sake buɗe shi.