Ganyen Darbejiya a Lambun Maikano

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun shekarar da kogin Wudil ya cika ya cinye gonakin bakin gada, muka tattara muka koma noman bayan gida, nake jayayya da Maikano na Indabo. Ranar Talata, tara ga watan Ƙaramar Salla, Allah ya raba gardamar.

Maikano, ka tafi ka bar ni da bakina.

Jayayyarmu ba ta wuce abin da za a lulluɓe gindin tumatir da shi idan bazara ta kama ba. Ni ɗan ɓuntun shinkafa ne, haka na gada, yana riƙe danshi. Kai kuwa sai busasshen ganyen darbejiya. Kakan ce ɓuntu iska ke kwashewa, karan dawa kuma gayyatar gara ne. Da ɗanka Jibril ya kawo baƙar leda daga birni, ranar kaɗai bakinmu ya zo ɗaya, muka ce dafa saiwa za ta yi.

Ban taɓa ganin ka tara ganyen ya taɓa jikin tumatir ba. Kakan bar tazarar tafin hannu, ka ce, "Dattijo, ko bargo ne ba a rufa wa mutum har hanci." In na yi tsaki, da yamma sai ga ƙwaryar tumatir a zaurena, wai in ɗanɗana na mai taurin kai. Duk layinmu babu tukunyar da ba ta ci daga lambun nan ba.

Yanzu ga fangalin tumatir huɗu sun fara fure, ƙasa tsirara, ciwo bai bar ka ka rufe su ba. Matarka Hansai tana takaba, daga lambun take samun na miya. Jiya ta aiko cewa ganyen tumatir ɗin ya fara lanƙwasa, in zo in rufe da duk abin da na ga dama.

Allah ya ji ƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya ba Hansai da Jibril haƙuri.

Na gaji, gwiwa ta ƙi, abokan zamani sun ƙare. Har gobe ina kan bakana, ɓuntu ya fi. Amma lambunka ne. In Allah ya kai mu, bayan sallar asuba zan ɗauki buhu in share gindin darbejiyar masallaci, in rufe fangalin da ganyen, in bar tazarar tafin hannu.