Kunamar Bindigar Don Anacleto

Shekara talatin maƙwabcina Don Anacleto Barrionuevo yana farautar zomo a ƙauyenmu na La Pampa, bai taɓa kawo ko jela gida ba. A cewarsa laifin na kunamar 'yar bindigarsa mai sakata ne, wai tauri gare ta kamar ƙofar coci. Matarsa Herminia ta ce, "Tsoho, tabarau kake buƙata." Ya ce mace ba ta san ƙarfe ba.

Kowace Lahadi sai ya kwance bindigar a teburin gashin nama, ya yi ta gugar kunamar da magagari, har ta kai ko ƙuda ya sauka a kanta sai ta tashi.

Ranar da ya tara mu ganin aiki, ƙoƙon shayinmu na gargajiya da ake kira mate yana zagayawa, ya tura sakata kawai, bindiga ta tashi da kanta. Harsashi ya huda butar da ke kan garwashi, a tsakiya cif.

Herminia ta dubi butarta tana tsiyaya, ta ce, "Ka gani, tsoho? Yau da ba kai ka auna ba, ga shi ta samu."