Dalmar da Ba Ta Narke Ba

Ranar Litinin ɗin nan ban taɓa mantawa da ita ba, kuma har yau in na tuna ta sai na ji kunya ta rufe ni. Lokacin ina shekara ta uku a aikin kula da firjin rigakafi na ƙananan asibitocin ƙauye, tsakanin Isa da Sabon Birni. Ga wanda bai san aikin ba, maganin rigakafi ba ya son zafi. Firjin da hasken rana yake aiki ta hanyar batir, ma'aikacin asibiti kuma yana rubuta ma'aunin sanyinsa safe da yamma. In ya haura digiri takwas, sai a kira mu. Kowace kwalba tana da ɗan tambari da ke yin duhu in zafi ya taɓa ta, kuma in ya yi duhu sai dai a zubar.

A makon ne na sayo sabon ƙarfen liƙi daga Sakkwato, irin na tafi-da-gidanka, siriri kamar biro, da ɗan gilashi mai nuna zafinsa. Gaskiya kyansa na saya. A ofis na jona shi da cajar kwamfuta, kafin ƙiftawar ido ya narkar da dalma, na yi ta nuna wa mutane. Takardar da ke cikin kwalinsa ko buɗe ta ban yi ba. Da Malama Hassi, mai kula da asibitin wani ƙauye bayan Tozai, ta bugo ta ce firjinta ya tsaya kuma gobe Talata ranar rigakafi ce, sai na jefa ƙarfen da kwalinsa a jaka tare da fawa bankin da nake cajin wayata, na hau babur.

Na tarar da matsalar ba wata babba ba ce. Waya ɗaya mai ɗan kauri ce ta cire daga allon da ke raba wuta tsakanin batir da firji. Aikin minti biyar. Ina cikin buɗe jaka sai ga wani dattijo ya yi sallama da 'yar jakar fata a hammata. Malama ta ce Malam Maidamma ne, tsohon malamin firamare, tun da ya yi ritaya yake gyaran rediyo da tocila don sha'awa, ba ya karɓar ko kwabo. Ya fito da kayan aikinsa: guntun jan ƙarfe da mariƙin icce, wanda yake gasawa a garwashin shayi. Na dube shi na yi dariya, na ce, "Baba, wanga ai na ƙona ƙahon sa ne. Ku zamna ku ga aikin zamani."

Na jona ƙarfena da fawa banki. Gilashin ya kawo haske, lambobi suka fara hawa a hankali, amma da na ɗora bakinsa kan wayar sai zafin ya zube. Dalma ta yi laushi ta ƙi gudu. Na sake, haka. Gumi ya fara keto mini. Dattijon ya leƙo, ya ɗauki kwalin da na yar a ƙasa yana dubawa, ya ce, "Ɗana, wanga ƙarhe naka yunwa shika ji. Ga batir nan kusa gare ka, in da..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Baba, don Allah ku bar ni in yi aikina." Ya ce, "To, Injiniya," ya koma bakin ƙofa ya zauna.

Abin da na yi daga nan shi ne abin kunyar. Na tara dalmar a kan wayar, ta dunƙule kamar kashin akuya, ba ƙyalli, ba ta shiga cikin zaren wayar ba. Duk wanda ya yi wata guda a sana'ar nan ya san irin wannan liƙi ba ya riƙewa, ni ma na sani. Amma firji ya tashi, la'asar ta gabato, hanyar kuwa ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta, ga shi kuma ba ni iya buɗe baki in roƙi guntun ƙarfen da na yi wa dariya. Malama ta ce, "Injiniya, ya zamna ke nan?" Na ce, "Ƙwarai kuwa." Na sa hannu a takardar gyara, na rubuta an kammala.

Washegari da hantsi ta bugo. Wayar ta sake cirewa bayan tafiyata, ba wanda ya lura sai da safe. Malam Maidamma ya hura garwashi ya liƙe ta, firji ya dawo, amma tambarin kwalaben maganin shan inna ya riga ya yi duhu. Mata sun taru da jarirai, wasu da ƙafa suka taso daga ƙauyukan da mutum ba ya fitowa sai da addu'a. Ta ce, "Na maishe su gida, Injiniya. Wata ta tambaye ni yaushe za ta komo, ban san mi za ni ce mata ba." Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Na je na sami shugaban sashenmu na ce, "Ranka ya daɗe, laihina ne, na sa hannu ga aikin da na san bai yi ba." Ya ba ni takardar gargaɗi, na kuma cancanta. Bayan kwana uku wani ɗan kasuwa da ke bi ta ƙauyen ya kawo mini ƙunshi daga Malam Maidamma. A ciki akwai waya mai kan da ya dace da gindin ƙarfena, ɗaya gefen da 'yan maƙalai biyu na kama batir, har da fis mai kare ƙarfen daga ƙonewa, duk liƙin yana ƙyalli. Ya haɗo da takardar kwalin, ya ja layi da jan biro inda aka ce ƙarfen yana son wuta daga bolt goma sha biyu zuwa sama. Fawa bankina biyar yake bayarwa. Batirin firjin da na durƙusa a gabansa awa guda, sha biyu ne cif.

Shi ya sa nake ce muku, ku masu wannan sana'a, kafin ku sayi ƙarfe ku san abin da zai ci, ku gwada shi da wutar da za ku samu a daji, a kan waya mai kauri. In mutumin gari ya fara magana, ku bari ya kai ƙarshe. Na koma na ba Malam haƙuri, ya ce ba kome, har ya zuba mini shayi. Makon da aka kawo sabon magani na tsaya da kaina a asibitin. Matan da yawa sun dawo, amma wadda ta yi tambayar nan ba ta dawo ba, kuma har na bar yankin ban san sunan ɗanta ba.